Kazar Ɗori a Birnin Ragaya

Godiya ta tabbata ga wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sa ta riƙe ƙafar matafiyi, ta riƙe tukunya a kan murhu, ta riƙe ruwa a cikin randa, ba ta taɓa neman lada ba. Bayan haka, ni ne Bagudu ɗan Sarkin Fawan Tudun Marke, wanda a fagen dambe ake yi wa kirari da Rusa-Gari. Kun daɗe kuna tambayata abin da ya gajarta mini ƙafar dama, da dalilin da ya sa mahauci ɗan mahauci kamata ba ya yanka kaza. To, ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni.

A zamanin da masanan ƙasarmu suka ƙera jirgin zuwa sararin samaniya da suka sa wa suna Shamuwa, abu ɗaya suke son sani: me ke samun mai rai idan ya rabu da nauyin ƙasa ya daɗe? Yayata Tasalla, likitar ƙashi da jini, ita aka ɗora wa binciken. Ta tara ɓeraye da kaji da irin wake da gero, sannan ta ce saura mutumin da ya fi kowa kaurin ƙashi. Ba ta sha wahalar nema ba, tunda a gida ɗaya muke cin tuwo. Inna kuwa ta ce ba za ta saki 'ya'yanta biyu su hau sama ba sai da ƙanenta, Kawu Mijinyawa, maɗori ɗan maɗori, mutumin da ya ɗora mini karaya tun ina yaro fiye da yadda zan iya tunawa. Masanan suka yi gunaguni, Inna ta fi su murya, Kawu ya hau jirgi da jakar karan ɗorinsa da ƙoƙon man shanu.

Da muka rabu da ƙasa sai jikinmu ya fara yi mana abin da ba mu saba ba. Jini ya bar ƙafa ya taru a ka. Fuskata ta kumbura, hancina ya toshe, ƙafafuna da suka sha tsorata maza suka zama kamar na zalɓe. Abinci ya rasa ɗanɗano, har muka cinye yajin da aka yi mana tanadinsa na dukan tafiyar tun ba a je ko'ina ba. Waken Yaya ya tsiro, saiwarsa ta rasa inda ƙasa take, ta miƙa ko'ina. Kawu kuwa da rawaninsa yake ɗaure kansa a jikin bango idan zai yi salla, don in ya yi sujada sai ya tashi sama.

Kullum Yaya sai ta ɗaure ni da igiyoyin roba in yi ta ja, in yi ta gudu a waje ɗaya, sannan ta ɗebi jinina, ta haska cinyata da na'urarta. Kullum kuma fuskarta ƙara ɗaurewa take yi.

"Ƙashinka zubewa yake yi cikin fitsari, Bagudu," in ji ta. "Jiki ya ga ba abin da yake ɗauka, ya fara rushe ginshiƙansa."

"Yaya, wannan hannun ya kwantar da maza a garuruwa bakwai."

"Wancan hannun ka baro shi a gida. Wannan na aro ne."

A ɗakin bincikenta akwai wata ganga mai girman ƙaramin rumbu, wadda ba ta daina juyawa. Duk abin da aka sa a ciki, juyin yakan manna shi da bango ya ji nauyi kamar yana ƙasa. Rabin ɓerayenta suna ciki, rabi suna shawagi a waje, don ta gwada bambancinsu. Ku riƙe wannan gangar a ranku.

Ruwanmu ya yi ƙasa, sai matuƙinmu Jatau ya sauke mu a wata ƙaramar duniya da ake kira Ƙasar Toka, inda nauyi bai kai na ɗan tsako ba. Mutanen da suka riga mu sun haƙa kogo a ƙarƙashinta, sun cika shi da iska, sun haƙi ƙanƙara, sannan sun tafi. Abin da ba mu sani ba shi ne sun bar karnukansu.

Muna cikin saran ƙanƙara muka ji sanda a rufin kogon. Na ɗaga fitila. Farare ne fat, idanunsu sun shafe saboda duhu, ƙafafunsu sun yi tsawon mutum, suna tafiya a rufi kamar yadda muke tafiya a ƙasa. Na farkon ya faɗo wa Sambo mai kula da inji, ya kama shi a maƙogwaro, ya yi tsalle da shi har rufi. Jinin Sambo ya riƙa saukowa a hankali, yana ɗiga mana a ka har bayan da kukansa ya yanke. Wasu biyu suka kama wani ma'aikaci, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙwauri, suka ja har ya rabu.

Babbansu ya nufo Yaya. Na sha gabansa, na dasa ƙafar dama kamar yadda na saba a fage, na sakar masa hannun mashi, wato hannun naushina, a tsakar ka. Ƙoƙon kansa ya fashe, ƙwaƙwalwa ta watsu a ƙanƙara. Amma ƙarar da na ji ba ta kansa ba ce kaɗai. Cinyata ce ta karye a ƙarƙashina, ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Yaya ce ta lura da kunne suke farauta. Ta toshe mini baki da tafinta, ta ɗauki bokitin ƙarfe ta wurga shi can ƙarshen kogon. A wannan ƙasar abu ba ya saurin faɗuwa, sai bokitin ya yi ta bugun bango yana ƙara, karnukan suka bi shi suna cizon juna. Ita da Kawu suka ja ni muka fice, haƙorana sun nutse a hannunta, ba ta ko yi tari ba.

A jirgi Kawu ya yi aikinsa. Ya ja ƙafar, ya haɗa ƙashin, ya shafa man shanu, ya jera karan ɗori ya naɗe. Sannan ya yi abin da ubansa da kakansa suke yi. Ya kamo wata jar kaza, ya karya mata ƙafar dama, ya ɗora ta kamar yadda ya ɗora tawa.

"Ga abokiyar jinyarka," ya ce. "Ranar da ta taka, ka taka. Kafin ta taka, ko wuta ta kama jirgin nan ba ka motsa."

"Kawu, ka rage mini kazar gwaji guda," in ji Yaya.

"Likita, ke da na'urarki, ni da kazata. Tun kafin a haifi wanda ya ƙera na'urar nan kazarmu ba ta taɓa yi mana ƙarya ba."

Kazar ta riƙa fuffuka tana buguwa da bango, ɗorin yana kwancewa. Sai Kawu ya ga ai cikin ganga dabbobi suna zaune lafiya, ya buɗe ya tura ta can, ya ci gaba da kai mata tsaba. Bai ga abin faɗa wa kowa a ciki ba, Yaya kuma aikin Sambo ya hau kanta a ɗakin inji, ba ta leƙa ba. Ni kuwa aka ɗaure ni a bango ina lilo, ina zagin duk wanda ya wuce.

Muna wannan hali muka shiga sararin Ragaya. Birni ne da ke rataye a sama ba ƙasa a ƙarƙashinsa, ɗakuna a jere da igiyoyin ƙarfe. Mutanensa asalinsu irinmu ne, harshenmu suke yi, amma kakannin kakanninsu suka zauna a nan, har aka haifi waɗanda ba su san faɗuwa ba. Suka harbo mana ƙugiya, suka ɗaure hancin Shamuwa da doguwar igiya a ƙofar birninsu, suka shigo. Dogaye ne siraran gaske, kawunansu manya, suna riƙe wuƙa da yatsun ƙafa kamar yadda suke riƙe ta da hannu. Ma'aikatanmu suka yi ƙoƙarin tare su, amma mu a sama jarirai ne. Sukan juyo ta bayan mutum su yanke masa jijiyar wuya kafin ya sami abin dafawa. Jini ya cika zauren jirgi, dunƙule-dunƙule kamar 'ya'yan kanya, yana manne wa mutum a ido. Suka farfasa ɗakin tuƙi, suka ɗaure Jatau. Da ƙura ta lafa, mu huɗu muka rage.

Shugabansu, wani mai furfura da ake kira Dogara, ya zo ya latsa ƙwaurina da yatsa kamar mai taya rago.

"Ɗan ƙasa, kada ka ɗauke mu mugaye," ya ce. "'Ya'yanmu tun a ciki ƙashinsu ke karyewa. Jikata ta yi atishawa, haƙarƙarinta ya tsage. Ɓargonka nake so. Likitarku za ta zuƙe shi ta sa wa yaranmu."

"Ba zai yi musu komai ba, Baba," in ji Yaya. "Shi kuma zai mutu."

"Za mu gwada. Ai ku ma gwaji ya kawo ku."

Ta ce ba za ta yi ba. Ya sa aka tafi da ita cikin birni, ya ce kullum za a cire mata farce ɗaya har ta sauya shawara. Ni da Kawu aka bar mu a jirgi da masu gadi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan zaman ba, ina ɗaure a bango, ina sanin abin da ake yi wa 'yar'uwata.

Ana nan sai Kawu ya shigo fuskarsa cike da murna, rungume da jar kaza. Ya kwance mata ɗori, ya latsa ƙashin, ya miƙo mini na taɓa. Ya haɗe sarai.

"Da idona na gan ta tana tono da ƙafar," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ka warke, Bagudu."

"Kawu, har yanzu ina jin zogi."

"Zogin zama ne. Kaza ta taka."

Abin da nake son ji ke nan. Ya warware karan cinyata, na aika wa Dogara cewa ni ɗan dambe ne, ya fito da gwaninsa. In na ci, ya sake mu. In aka ci ni, ya ɗebi ɓargon. Dogara ya zo da mayaƙansa suka cika zauren jirgi, aka kawo Yaya da kayan aikinta, yatsunta naɗe da tsumma, don yana da tabbacin yadda za ta ƙare.

"A garinku wanda ya taɓa ƙasa shi aka kashe," in ji Dogara. "Mu nan ba mu da ƙasa. Sai wanda ya daina motsi."

Yaya ta ga cinyata ba ɗori, ta buɗe baki, wani mai gadi ya toshe mata shi. Kawu ya naɗa mini igiyar dambe a hannu. Gwanin nasu ya zo yana jujjuyawa, ya tsaga mini kunci da farcen ƙafa, ya tsaga mini baya, ina ta kai wa iska naushi suna dariya. Na lura duk lokacin da ya kawo hari sai ya koma ya taka wani ginshiƙi. Na jira shi. Da ya nufi wurin, na dasa ƙafafuna biyu a bango na tunkuɗa da dukan ƙarfina.

Naushin ya same shi a ƙirji, na ji hannuna ya shige har wuyan hannu, ya daina motsi nan take. Amma cinyata ta sake ɓallewa a daidai inda ta karye, wannan karon ƙashin ya huda nama ya fito waje fari. Na ga Kawu yana kallon ƙashin, yana kallon kazar da ke hammatarsa. Ban taɓa ganin tsoho ya tsufa a gaban idona ba sai ranar.

"Ka ci," in ji Dogara. "Amma ga ɓargon ya fito da kansa, ba zan bar shi ya lalace ba. Likita, fara aiki."

Na zage shi da uwarsa da kakarsa, bai ko dube ni ba. Yaya ta matso, ta ɗaure mini cinya don jinin ya tsaya, ta ce tana bukatar Kawu ya riƙe mata ƙafar. Kawunanmu uku suka haɗu.

"A ina kazar nan ta yi jinya?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"A gangarki."

Ta runtse ido. "Ita ta warke a cikin nauyi, Kawu. Shi yana shawagi. Ƙashi ba ya haɗewa sai ya ji ana danna shi."

Kawu bai kare kansa ba. Ya ce, "Nauyin nan, ana iya yi wa jirgi duka?"

"Igiyarsu tana hancinmu. In aka kunna wutar injin gefe, Shamuwa za ta zagaya birnin kamar dutse a majajjawa. Mu za mu ji jiki. Su da ba su taɓa ɗaukar nauyin kansu ba, ka san sauran. Amma ɗakin tuƙi ya fashe, sai da hannu, a can wutsiya. Makunnin yana saman dogon rami, kuma can nauyin zai fi ƙarfi. Ni zan je."

"Ke idonsu na kanki. Wa zai kula da tsoho da kazarsa?"

Kawu ya ɗaga murya ya ce zai ɗauko man shanu. Suka bar shi ya wuce. Yaya ta jawo ni kusa da bangon da zai zama ƙasa, ta kwanta a gefena kamar mai neman jijiya, ta yi wa Jatau alama da ido ya lafe.

Jirgin ya yi gurnani. Da farko ɗigon jinin da ke shawagi ne suka fara gangarowa gefe ɗaya. Mayaƙan suka tsaya suna kallo da mamaki, don ba su taɓa ganin abu ya faɗi ba. Sannan su ma suka biyo. Waɗanda ke can sama suka rikito, wuya ya karye, ƙafa ta lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Waɗanda suka yi ƙoƙarin miƙewa ƙwaurinsu ya ɓalle, jini ya gudu daga kansu suka suma. Ƙarar ƙashi ta cika zauren, na yi shekaru a mahauta ban ji irinta ba. Dogara ya faɗo kusa da ni, babban kansa ya fi ƙarfin wuyansa, yana son ɗaga wuƙa, hannun ya ƙi tashi. Na ja jiki na ɗaga hannun mashi a kansa. Yaya ta riƙe ni.

Ta ce masa, "Baba, maganin jikarka ba ya jikin ƙanena. Abin da ya kwantar da kai yanzu shi ne maganin, in an ba su kaɗan-kaɗan tun suna jarirai. Zan bar muku gangar. Zan bar muku kazar nan ku taɓa ƙafarta da hannunku."

Hawaye ya gangaro masa, ya kuma bi shi da ido har ya ɗiga. Da aka rage wuta, Yaya da Jatau suka tura masu sauran numfashi cikin kwalekwalen da suka zo da shi, da ganga, da kaza, suka yanke igiyar. Suka ɗaura tankin ruwanmu a ƙarshenta, jirgi da tanki suka riƙa zagaya juna, muka kama hanyar gida da nauyinmu.

A ƙasan ramin suka sami Kawu. Ƙafafunsa biyu sun karye, kwankwasonsa ya tarwatse. Ya ce kada a taɓa shi sai an kai shi wurina. A kwance ya mayar mini da ƙashin, ina ihu yana tofi, ya jera kara ya naɗe, gumi na zuba daga gemunsa. Sannan ya bari Yaya ta ɗora nasa, aka shimfiɗa mu gefe da gefe.

Yaya ta ce sai na daɗe a kwance, tana danna mini tafin ƙafa da katako kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya san ni ya san ba a haife ni da haƙuri ba. Zogi na raguwa na fara neman tashi, don Jatau shi kaɗai ke fama da inji. Yaya ta yi faɗa, ta nuna mini hoton ƙashin, na ce mata hoto ba ya tafiya.

"Bagudu," in ji Kawu, "ba a ɗori ba kaza. Tamu mun bar ta a Ragaya, to ni ne kazarka. Rana ɗaya aka ɗora mu, ɗaki ɗaya muke jinya, nauyi ɗaya ke kanmu. Wannan karon ba kuskure. Ranar da na taka, ka taka."

"Kawu, kai tsoho ne, za ka ja ni."

"To in ja ka. Ka taɓa ganin wanda ya riga kazarsa tashi ya ga daidai?"

Na kwanta. Maganar likita zan iya takewa, amma ba maganar Kawu a kan ɗori ba. Kullum sai in tambaye shi, "Yau fa?" Ya ce, "Saura kaɗan, jiya na ji babban yatsa ya motsa." Ya riƙa ba ni labarin karayar da ya ɗora wa mutane, da ta jakin wani alƙali, muna dariya har haƙarƙari ya yi mana ciwo. Yana ramewa, ina cewa rashin yaji ne. Idan Yaya ta zo juya shi, sai ta ce in kalli bango. Na ɗauka kunya ce.

Har duniyarmu ta bayyana a taga, shuɗiya, ta fara girma. Wata safiya na ce, "Kawu, yau fa?" Na miƙa hannu na taɓa shi, na ji sanyi.

Yaya ta zauna a tsakaninmu ta daɗe tana kuka. Sannan ta gaya mini cewa tun ranar faɗuwar gadon bayansa ya tsinke, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, kuma shi ya fara sanin haka da hannunsa kafin na'urarta. Ya roƙe ta kada ta faɗa mini. Ta haska cinyata, ta ce ƙashin ya haɗe, ya ɗan gajarta amma ya fi na da kauri.

Da Shamuwa ta sauka a Tudun Marke, aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya guda biyu. Inna tana tsaye a bakin fili ta rufe fuska da mayafi. Na ce a mayar da ɗaya. Na kwance karan da Kawu ya naɗa mini, na sa ƙafar dama a ƙasa, ta ɗauke ni. Aka ɗaga makarar Kawu, da ya tashi sama na miƙe, na sa kafaɗata a gaba ta dama, na taka da shi har maƙabarta ban bari an karɓe ni ba.

Wannan shi ne abin da ya gajarta ƙafata. Wanda ke son kaza ya je rumfar gaba, ni naman sa nake sayarwa.